Danja: tambayoyi da amsoshi a kan asalin fitilar ba da hannu da yadda ta kawo yau

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar titi da tsakar rana, gumi na keto masa, idonsa a kan jar fitila, ya san danja. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ta girmi motar da yake zaune a ciki, kuma yawancin gyare-gyaren da aka yi mata haɗari ne ya jawo su. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kanta.

A ina aka fara kafa danja, kuma wa ya yi ta?

A birnin Landan, cikin watan Disamba na 1868, a bakin ginin Majalisar Dokokin Birtaniya, daidai inda titin Bridge ya haɗu da titin Great George. Mai dabarar shi ne John Peake Knight, mutumin garin Nottingham, wanda aikinsa kula da zirga-zirgar jiragen ƙasa. A layin dogo an riga an saba da alamar da ake kafawa a kan dogon ƙarfe don direban jirgi ya san ko zai tsaya ko zai wuce, sai Knight ya ga babu abin da zai hana a kawo irinta kan titi. Kamfanin Saxby da Farmer, masu ƙera alamomin reluwe, su suka ƙera ta.

Tsayinta ƙafa 22, wato kusan mita 7. Da rana hannuwa gare ta masu motsi: in suka miƙe sambal gefe da gefe, kowa ya tsaya; in suka sunkuyo, a wuce amma a hankali. Da dare sai a kunna fitilar gas a can ƙololuwa, mai nuna ja da kore. Ɗan sanda ne ke tsaye a gindinta yana sarrafa ta. Ke nan sunan da muke kiranta da shi, fitilar ba da hannu, ya dace da ita tun ranar farko, don hannun ɗan sanda ne aka ɗaga sama yadda na nesa zai hango.

Ai a 1868 ba a yi mota ba. To me take tsayarwa?

Dawakai. Sai a 1886 Karl Benz ya yi rajistar mallakar fasahar motarsa a Jamus, amma tun kafin nan titunan Landan sun cika maƙil da karusai, da kekunan doki na haya, da manyan kekunan fasinja da dawaki ke ja. Doki kuwa ba shi da birki. In ya firgita ko ya zame a kan jiƙaƙƙen dutse, wanda ke gabansa ya shiga uku. 'Yan majalisa da ke tsallakawa zuwa zama suna cikin masu shan wahalar wannan mahaɗa, abin da ya sa ba a yi mamaki ba da aka fara gwajin a ƙofarsu.

Me ya sa ba ta ɗore ba?

Ko wata guda ba ta cika ba aka sami haɗari. Ranar 2 ga Janairu 1869 gas ya yi yoyo, fitilar ta fashe, ta ƙona ɗan sandan da ke bakin aiki. A 1870 aka tumɓuke ta. Daga nan duniya ta yi sama da shekara 40 ba ta sake waiwayar danja da gaske ba, sai da abu biyu suka haɗu: wutar lantarki ta shiga birane, mota kuma ta yi arha.

Me ya sa aka zaɓi ja da kore, ba wasu launuka ba?

Wannan ma gadon jirgin ƙasa ne, kuma ba haka tsarin ya fara ba. A farkon zamanin reluwe a Ingila, ja na nufin haɗari, kore na nufin a yi hattara, fari kuma shi ne izinin wucewa. Farin nan ya zama masifa. Fitilar alamar fara ce, gilashi mai launi ake sa mata a gaba. In jan gilashin ya fashe ko ya faɗo, sai fitilar da ya kamata ta ce tsaya ta koma tana cewa wuce. Ban da haka, direba kan hango fitilar wani gida daga nesa ya ɗauka tasa ce. Sai aka yar da fari, aka mayar da kore matsayin izini, daga baya rawaya ta ɗauki aikin gargaɗi.

Darasin da masu ƙera alamomi suka ɗauka daga nan har yau shi ake bi: in na'ura za ta lalace, to ta lalace ta hanyar da za ta tsayar da mutum, kada ta lalace ta hanyar da za ta tura shi gaba.

Ja kuwa yana da dalili na biyu bayan sabo. A cikin launukan da ido ke gani, haskensa ne ƙura da hazo ba su cika warwatsawa ba. Wanda ya yi tuƙi da sassafe cikin hazon hunturu ya san jar fitilar bayan mota yakan fara gani kafin ya ga motar kanta. Kalmarmu ta danja ma daga kalmar Turanci mai nufin haɗari ta fito, wato sunan jar fitilar ne ya cinye sauran biyun.

Yaushe ta koma ta lantarki?

A Amurka, bayan da kamfanin Ford ya fito da motarsa mai rahusa ta Model T a 1908, talaka ya fara iya sayen mota, tituna suka rikice. Ga mota, ga doki, ga taragon lantarki, ga mai keke, ga mai ƙafa, kowa da saurinsa.

A 1912 wani matashin ɗan sanda a birnin Salt Lake, Lester Wire, ya haɗa akwatin katako mai kama da akurkin tattabaru, ya tsoma ƙwayayen fitila cikin fenti ja da kore, ya ɗora a kan sanda a tsakiyar mahaɗa. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba. Ranar 5 ga Agusta 1914 kuma aka kunna wadda aka fi ambata a matsayin danjar lantarki ta farko, a birnin Cleveland, a mahaɗar titin Euclid da titi na 105, bisa zanen James Hoge. Launi biyu gare ta, ɗan sanda na zaune a wata 'yar rumfa a gefen titi yana danna maɓalli, akwai kuma ƙararrawa da ke kaɗawa in za a sauya.

Rawaya fa, wa ya ƙaro ta, kuma mene ne ainihin aikinta?

William Potts, ɗan sanda a Detroit, garin da ake ƙera motocin Amurka. A 1920 ya haɗa danja mai fuska huɗu da launi uku, ya aro rawaya daga reluwe ya sa a tsakiya. Shi ma bai yi rajistar mallaka ba, bai kuma yi kuɗi da ita ba. Ɗaya daga cikin danjojinsa tana ajiye a gidan tarihi na Henry Ford da ke Dearborn.

A ganina wannan ne gyara mafi muhimmanci a tarihin danja gaba ɗaya, kuma shi ne aka fi jahilta. Lissafin ba wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga fitila ta sauya zuwa lokacin da ƙafa ta bar totur ta hau birki, an yi wajen daƙiƙa ɗaya, motar ta riga ta ci mita 14 ɗin nan ba tare da ta rage komai ba. Sannan birkin ya fara nasa aiki. Tirela mai lodin siminti kuwa tana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Da daga kore za a faɗa ja kai tsaye, kowane sauyi sai ya rutsa da wani a tsakiyar mahaɗa, ko ya taka birki da ƙarfi na baya ya sheme shi. Rawaya ita ce 'yar tazarar da ake bai wa wanda ya riga ya yi kusa ya fice, wanda ke nesa kuma ya tsaya cikin natsuwa. Ƙa'idar Amurka ta sa tsawonta tsakanin daƙiƙa 3 zuwa 6, gwargwadon gudun titin. A mahaɗa da yawa kuma, bayan rawaya ana barin ko'ina a ja na daƙiƙa ɗaya ko biyu, don tsakiya ta washe kafin a saki ɗaya ɓangaren.

Saboda haka ma'anar rawaya ita ce tsaya, sai fa in tsayawar ce za ta jawo haɗari. A titunanmu da yawa sun mayar da ita alamar ƙara wuta. Na taɓa hawa a daidaita sahu, rawaya ta kama muna da sauran tazara sosai, yaron ya murɗa totur. Wata dattijuwa da ke gefena da kwanon abinci a cinya ta dafa ƙarfen gaba ta ce, "Ɗan nan, dubiya za ni asibiti, ba kwanciya ba." Ya sassauta, ya ce, "Yi haƙuri, Mama." Muna tsayawa wata motar ɗaukar yashi ta keto daga dama, ita ma ba ta jira korenta ya gama kamawa ba. Da mun shiga, a tsakiya za mu haɗu.

Na ji ana cewa wani baƙar fata, Garrett Morgan, shi ya ƙirƙiro danja. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, an dai ƙara mata gishiri. An haifi Morgan a 1877 a jihar Kentucky, iyayensa sun taɓa zama bayi, karatunsa na boko bai yi nisa ba. Ya zauna a Cleveland, kuma a watan Nuwamba na 1923 ya sami takardar mallakar wata alamar ba da hannu mai siffar sanda da hannuwa, wadda ake juyawa da hannu. Abin da ya bambanta ta shi ne matsayi na uku, wanda ke tsayar da kowa daga ko'ina kafin a saki wani ɓangare, masu ƙafa su sami damar tsallakawa. Ba shi ne na farko ba, tunda Knight da Wire da Hoge da Potts duk sun riga shi, amma tunanin tsayar da kowa na ɗan lokaci yana nan da ransa a danjar yau.

Morgan ya cancanci a san shi ko ba don danja ba. Shi ya ƙera wata hular kariya daga hayaƙi, kuma a 1916, da gas ya fashe a ramin ruwan da ake haƙawa ƙarƙashin tafkin Erie, da kansa ya sa hular ya shiga ramin ceto mutane, a zamanin da masu saye da yawa kan janye in suka gano baƙar fata ne ya ƙera kayan.

Yaushe danja ta daina buƙatar mutum a gindinta?

A hankali aka yi. A 1917 birnin Salt Lake ya haɗa mahaɗa shida da waya, mutum ɗaya na sarrafa su daga wuri guda. A farkon shekarun 1920 manyan birane sun gina hasumiyoyi a tsakiyar titi, ɗan sanda na zaune a sama yana hangen ko'ina: Niyok ta jera su a titinta na biyar daga 1920, Balin ta Jamus ta kafa tata mai fuska biyar a dandalin Potsdamer a 1924. A 1922 birnin Houston ya fara amfani da agogon da ke sauya fitilu da kansa. A Ingila, garin Wolverhampton ne ya fara gwada mai sarrafa kanta a 1927.

Da aka sami agogo sai wata dabara ta biyo baya. In an san tazarar da ke tsakanin mahaɗa da mahaɗa, ana iya jera lokutansu yadda wanda ke tafiya da gudun da aka ƙayyade zai riƙa tarar da kore bayan kore. Wanda ya yi gaggawa kuwa sai ya isa kafin lokaci ya tarar da ja. A nan karin maganar nan ta sauri kan haifi nawa ta zama lissafin injiniya.

Ta yaya danja ke sanin akwai mota na jira?

Mai agogo ba ta sani ba. Ƙarfe biyun dare ma za ta tsayar da kai ta ba titin da babu kowa hannu. Wannan ne ya sa a 1928 Charles Adler ya kafa wata a Baltimore mai jin sauti: direban da ya zo daga ƙaramin titi sai ya danna oda, fitila ta sauya masa. Dabarar ta yi aiki, amma maƙwabtan mahaɗar ba su ji daɗi ba. Sai aka koma shimfiɗa abin da taya ke takawa a ƙasa.

Abin da ya fi yaɗuwa daga baya shi ne zoben waya da ake binnewa cikin kwalta dab da layin tsayawa. Ana tura masa 'yar wuta, in ƙarfen mota ya zauna a kansa sai yanayin maganaɗisun ya sauya, akwatin da ke gefen titi ya gane an zo. In ka ga an tsaga kwalta siffar murabba'i an liƙe da baƙin kwalta a gaban danja, shi ne. Rauninsa biyu: wani lokaci ba ya jin babur ko keke saboda ƙarancin ƙarfe, kuma in titi ya farfashe ko aka haƙa shi don bututu, wayar ta tsinke. Yau ana ƙarawa da kyamara da na'urar rada a saman sanda.

Kwamfuta ta shigo a 1963, lokacin da birnin Toronto na Kanada ya ɗora danjojinsa a kanta. A shekarun 1970 aka ƙirƙiro tsare-tsare biyu da har yanzu birane da yawa ke amfani da su, SCATS a Sidni ta Ostareliya da SCOOT a Birtaniya. Suna ƙirga motoci kowane lokaci suna ƙara wa wannan ɓangare daƙiƙoƙi suna rage wa wancan. A 2012 masana daga jami'ar Carnegie Mellon suka fara gwada wani tsari a Pittsburgh inda kowace mahaɗa ke tsara lokacinta da kanta, ta kuma sanar da ta gaba yawan motocin da ta turo mata. A wasu biranen motar kwana-kwana da ta asibiti suna ɗauke da na'urar da ke neman kore tun daga nesa.

Zai yiwu danja ta rikice ta ba ɓangarori biyu masu karo da juna kore a lokaci guda?

In an haɗa ta bisa ƙa'ida, da wuya ƙwarai. A cikin akwatin da ke gefen titi akwai wata na'ura daban wadda ba ta da aiki sai gadin wadda ke sauya fitilu. Da ta ga kore biyu masu cin karo suna shirin kamawa, sai ta ƙwace iko ta mayar da fitilun suna ƙyaftawa ko ta kashe su. Darasin farin gilashin reluwe ke nan. Abin da aka fi gani shi ne ƙwan ja ya mutu a ɓangare ɗaya, ko iska ko wata babbar mota ta karkatar da kan fitilar ta fuskanci titin da ba nata ba.

Ko'ina a duniya tsarin iri ɗaya ne?

Kusan haka, amma sai da aka sha fama. A farko kowane gari da nasa. Amurka ta fitar da kundin ƙa'idar alamomin titi na ƙasa baki ɗaya a 1935, sannan yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Biyana na Ostiriya a 1968 ta tsara wa ƙasashe da dama: ja a sama, rawaya a tsakiya, kore a ƙasa. Wannan jeri ba don ado aka yi shi ba. Akwai maza da yawa da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai, a Turai ana ƙiyasta ɗaya cikin 12, kuma da matsayin fitilar suke gane ta. Don su ne ma ake sirka koren danja da ɗan shuɗi.

Bambance-bambancen da suka rage ƙanana ne. A Birtaniya da Jamus ja da rawaya kan kama tare kafin kore, don direba ya shirya. A yawancin Amurka ana iya karya kwana zuwa dama ko da ja ne, bayan an tsaya an duba, abin da ya yaɗu a shekarun 1970 don tsimin mai. Japanawa suna kiran koren danja da kalmarsu ta shuɗi, har a 1973 gwamnati ta sa a riƙa amfani da koren da ya fi kusa da shuɗi don suna ya dace da abu. A wata unguwa ta birnin Syracuse a Amurka akwai danja ɗaya da kore ke sama, saboda 'yan asalin Ailan mazauna wurin sun yi ta jifanta da duwatsu a shekarun 1920, ba su yarda jan da suke dangantawa da Birtaniya ya hau kan korensu ba, har hukuma ta haƙura. A Afirka ta Kudu sunan danja robot. A Kinshasa kuwa, daga 2013, injiniya Thérèse Izay da abokan aikinta sun kafa dogayen mutum-mutumi masu aiki da hasken rana, suna ɗaga hannu suna ba motoci hanya.

An yi tunanin mai tafiya a ƙasa kuwa?

An makara, amma an yi. A 1961 Karl Peglau, masanin halayyar masu amfani da titi a Jamus ta Gabas, ya zana ɗan mutum mai malafa, ja ya buɗe hannuwa, kore yana taku, don yaro da tsoho da wanda bai iya karatu ba su gane nan take. Da Jamus ta haɗe a 1990 aka fara cire shi, mutanen gabas suka tashi tsaye sai da aka bar musu abinsu. Birtaniya ta kawo matsallaka mai maɓalli da ake kira pelican a 1969. Don makafi kuma ana sa sauti: a Japan kukan tsuntsu, wani iri ga masu nufar wannan fuska, wani iri ga masu nufar waccan. A Birtaniya akwai ɗan ƙarfe a ƙarƙashin akwatin maɓallin da ke juyawa in lokacin tsallakawa ya yi, don wanda ba ya gani kuma ba ya ji ya taɓa da yatsa.

Wannan ne wurin da ya fi damuna a garuruwanmu. Mafi yawan masu ratsa mahaɗa a Kano ko Zariya ko Maraɗi a ƙasa suke, 'yan makaranta da masu talla da makaho da ɗan jagoransa, amma sau da yawa lokutan danja an raba su ne tsakanin mota da mota kawai. Da an tsayar da wannan ɓangare an saki wancan, mai ƙafa sai ya nemi rabonsa da gudu.

Me ya sa danjojin yanzu suka fi haske, kuma ya aka yi suke aiki da sola?

Tsofaffin ƙwai ne mai zare a bayan gilashi mai launi, kowane ɗaya na shan wajen wat 100, yana zafi, yana yawan ƙonewa. In rana ta haske gilashin kuma sai ya yi kamar a kunne yake. A shekarun 1990 aka fara komawa ƙananan ƙwayayen LED. Ja aka fara samu, kore mai ƙarfi sai da aikin masanan Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, ya samar da shuɗi mai haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Sabuwar fitilar na shan wat goma da 'yan kai, tana shekaru ba a canja ta ba, in 'yan ƙwayaye suka mutu saura na ci gaba.

A ƙasashen sanyi ta zo da matsalarta: ba ta zafin da zai narkar da ƙanƙara, sai ƙanƙara ta rufe fuskarta. A wajenmu kuwa alheri ce, don ƙarancin shan wutar ne ya sa faifan sola ɗaya da batir za su iya riƙe mahaɗa ko an ɗauke wuta. Sai dai ƙurar hunturu na lulluɓe faifan, zafi na gajarta ran batir, ɓarayi kuma sun san abin da ke cikin akwatin. Kafa danja aikin mako ne, riƙe ta aikin kullum, kuma a nan ne kasafin kuɗi ya fi gazawa.

Lambobin da ke ƙirga daƙiƙa suna da amfani?

Suna rage ƙosawa da yawan oda, suna kuma taimakon mai tsallakawa ya san ko zai kai. Illarsu ita ce masu fara gangarawa tun lamba na kan 3, daidai lokacin da na ɗaya ɓangaren ke rige-rige da ragowar korensa. Kuma ba sa tafiya da danjar da ke sauya lokaci gwargwadon cunkoso, tunda ita kanta ba ta san daƙiƙa nawa suka rage ba sai ta ga motocin da ke tafe. Shi ya sa ba a cika ganinsu a fitilun motoci a biranen da suka fi zamanantar da tsarinsu ba.

Danja ta fi ko shataletale?

Ya danganta da wurin. A mahaɗa mai titi huɗu, injiniyoyi sun ƙirga wurare 32 da hanyar mota ke iya cin karo da ta wata, a shataletale 8 ne kawai, kuma dole kowa ya rage gudu, don haka karon da ake yi bai cika kisa ba. Ba ya kuma buƙatar wuta. Amma yana aiki ne in an bi ƙa'idar da Birtaniya ta mayar doka a 1966, cewa mai shigowa ya jira wanda ke ciki. A Najeriya, tun da aka koma tuƙi ta dama a watan Afrilu na 1972, wanda ke cikin shataletale ta hagunka yake zuwa. In motoci suka yi yawa ƙwarai, ko titi ɗaya ya rinjayi saura, shataletale kan cushe, dole a koma danja ko gada.

Akwai masu ganin an cika yawan danja. Injiniya Hans Monderman na Holan ya sa an cire su a wasu mahaɗun garin Drachten, bisa hujjar cewa direban da babu fitilar da zai dogara da ita ya fi kallon mutane. Thimphu, babban birnin Butan, har yau ɗan sanda ne ke ba da hannu. Waɗannan ƙananan garuruwa ne, ba zan ce a gwada haka a mahaɗar da tirela da a daidaita sahu da 'yan makaranta ke haɗuwa ba.

In ɗan sanda ya ce wuce, danja kuma ta nuna ja, wa zan bi?

Ɗan sanda, ko jami'in da doka ta ba ikon ba da hannu. Umarninsa na gaba da fitila da allon titi duka.

In na tarar da danja a mace fa?

In rawaya ce ke ƙyaftawa, rage gudu ka wuce da lura. In ja ce ke ƙyaftawa, tsaya cak, ka duba, sannan ka shiga. In ta mutu ɗungurungum kuma babu jami'i, dokar jihohi da yawa na Amurka ta ce kowa ya tsaya, wanda ya riga zuwa ya riga wucewa, kuma ban san shawarar da ta fi wannan ba a ko'ina. Matacciyar danja ta fi mahaɗar da ba a taɓa sa mata danja ba haɗari, saboda na babban titi ya saba wucewa da gudu in bai ga ja ba, na ƙaramin titi ma haka.

Wata ranar damina da la'asar na tarar da irin wannan. An yi ruwa, fitilun sun ɗauke, motoci sun cusa kai daga fuska huɗu har babu mai iya gaba ko baya, sai oda kawai ke tashi. Wani magidanci ya fito daga motarsa, ya naɗe hannun riga, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya shiga cikin taɓo. Ya ƙwanƙwasa gilashin wata mota ya ce, "Alhaji, don Allah ɗan ja baya taku biyu." Ya juya ga mai a daidaita sahu, "Kai, samari, tsaya nan, kai ne na gaba." Yara biyu masu sayar da ruwan leda suka ajiye robarsu suka tare ɗaya ɓangaren da hannu. Ya saki gabas ya ƙirga motoci goma, ya tsayar, ya saki kudu. Cikin kwata ɗaya hanya ta buɗe. Da na wuce na hango shi ta madubi, motarsa na gefe ƙofa a buɗe, shi kuma yana tsakiyar titi hannu a sama.